Ranar Da Inna Ta Leƙa Ƙasan Teku

SHAFI NA 19

Salamu alaikum mutanena. Na ga saƙonninku, har da wadda ta ce in ban ɗora yau ba za ta biyo ni har unguwarmu ta Dokki da muciya. Maman Aminat, ajiye muciyarki, ga shi nan. Amma wallahi wannan shafin da ƙyar na rubuta shi, don ni ce na jawo komai da rawar kaina.

Sati biyar ke nan da aka cire wa Inna yanar idonta a nan Alƙahira. Inna yayar babana ce, daga wani ƙauye a gefen Yauri, kuma a gidana ta sauka tunda mijina Sulaimanu a ofishin jakadanci yake aiki. Shekara shida tana ganin duniya dishi-dishi. Yanzu kuwa ko ƙwayar shinkafa ce ta faɗi a kafet sai ta nuna min ita, ta ce, "Khairat, haka kike shara dama?"

Na ce dole a yi murna. A guruf ɗin matan Najeriya na ga tallan yawon jirgin ruwa a Sukhna, wani gari a bakin teku, yini guda, da abinci, da wasannin ruwa, da leƙen kifi, wai har akwai mai koyarwa da yake jin Hausa. Ban shawarci kowa ba na kama mana wuri.

Na kira autan Inna, Harun, wanda yake shekarar ƙarshe a jami'ar Azhar, yana zaune a unguwar Ard al-Liwa. Na ce Asabar za mu fitar da Inna shan iska. Bai tambayi ina ba, ni ma ban faɗa ba.

Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Yaya Khairat, Asabar ina da karatu wajen Shehi."

Kowace Asabar haka yake cewa. Mu kuma sai mu ce Allah Ya ba da sa'a, Ustaz.

Sai da muka yi tafiyar awa biyu, muka tsaya a bakin teku na ga jirage jere, sannan ƙwaƙwalwata ta dawo. Shekara goma sha huɗu da suka wuce kwale-kwale ya kife a kogin garinsu ranar kasuwa, ya tafi da Sada, babban ɗan Inna. Ko gawarsa ba a gani ba. Ranar sadakar bakwai Inna ta kamo hannun Harun, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ta ɗora a kan Alƙur'ani, ya rantse ba zai ƙara shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba har abada. Duk dangi mun san wannan. Kuma ni, Khairat mai dabara, na ɗauko wannan matar na kawo ta jirgin ruwa!

Na ce, "Inna, mu koma. Wallahi na manta."

Ta gyara baƙin gilashin da likita ya ba ta, ta ce, "A kan ruwa aka goya ni, yarinya. Wanda na hana, shi na hana. Wuce mu je."

Mai jirgin wani ƙaton Bamisire ne, Rayyis Isam. Ya tarbi Inna da "Ahlan ya Hajja", ya ba ta kujera a inuwa. Na tambaye shi ina mai jin Hausar. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ce yanzun nan yake tsaye a nan. Can na hango wani dogo baƙi cikin rigar roba, fuskarsa rufe da gilashin ruwa, ya dira cikin ƙaramin jirgi mai gudu da aka ɗaure a baya. Ya ba mu ƙeya. Na ce a raina, ji ɗan rainin hankali, ko sannu.

Muka yi nisa har gari ya ɓace, aka jefa ƙarfe jirgi ya tsaya, aka fara wasanni. Akwai wata doguwar balan-balan mai siffar ayaba da suke kira banana, mutum shida suke hawa, ƙaramin jirgi ya ja su da gudu. Sulaimanu, mutumin da ko keken yara bai iya ba, ya ɗaure rigar ceto ya hau gaba yana ɗaga min hannu. Kwana ɗaya aka sha da su, sai ga ƙafafun jami'in diflomasiyya a sama. Inna ta yi dariya har tana share hawaye ta ƙasan gilashi.

Dogon nan ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su kan banana. Ba ya magana, da hannu yake yi musu nuni. Aka ɗaga wasu Larabawa sama da wata ƙatuwar lema da jirgi yake ja, aka sauke su. Duk wannan lokacin bai taɓa hawowa babban jirgi ba, bai taɓa cire gilashin ba.

Da aka zo leƙen kifi, dogon ya tsaya a bakin ƙaramin jirgin zai sake shiga ruwa. Ya sunkuya, ya ɗebi ruwa da hannun dama, ya shafa a ƙeyarsa. Ya sake. Ya sake na uku. Sannan ya zame ciki a karkace, kafaɗa ɗaya a gaba.

Dariyar Inna ta ɗauke.

"Khairat. Wancan baƙin ɗan ina ne?"

"Ɗan Sudan ne ina jin, Inna. Suna da yawa a nan."

"Ba ɗan Sudan ba ne."

"To an ce dai yana jin Hausa..."

"Sau uku ya jiƙa ƙeyarsa. Haka ubansu yake yi kafin ya shiga kogi. Haka yayansa yake yi."

Ta miƙe ta dafa ƙarfen gefen jirgi. Ba ta ɗaga murya ba, wallahi ba ta ɗaga ba. Ta ce kawai, "Auta."

Mutumin da ke cikin ruwa ya tsaya cak.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce Allah Ka sa ɗan Sudan ne. Allah Ka sa ya ɗago ya yi mana Larabci.

Ya juya ya yi wa abokin aikinsa nuni ya kula da mutanen, ya iyo zuwa tsani, ya hawo. Ruwa yana zuba daga jikinsa. Ya cire gilashin. Harun ne, Ustaz ɗinmu mai karatu wajen Shehi.

Ya durƙusa a gabanta har gwiwarsa ta bugi katako.

"Inna..."

"Wannan ne Shehin?"

Ya kafe katakon jirgin da ido.

"Da kai nake. Wannan ne Shehin da kake zuwa wurinsa duk Asabar?"

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu da na koya. Uku da na fara koyarwa."

Rayyis Isam, bawan Allah, bai fahimci komai ba. Ya ga tsohuwa da ɗanta, sai ya taho yana washe baki yana cewa Hajja ta haifi namiji, babu kamar Harun a duk Sukhna, bara ma shi ya fito da wata mata da 'yarta da igiyar ruwa ta ja. Sulaimanu ya ja hannunsa gefe yana cewa khalas ya Rayyis, ya isa haka. Allah Ya taimake mu Inna ba ta jin Larabci.

Ashe ta ji abin da take buƙata. Ta ce, "Me ya ce? Ya fito da wa?"

Na ce, "Yabonsa kawai yake yi, Inna."

"Khairat, idona aka gyara, ba hankalina ba. Na ga ya yi hannu kamar mai jawo mutum."

Sai na faɗa mata. Ta dubi Harun.

"Hannunka na ɗora a kan Alƙur'ani."

"Haka ne."

"Ka rantse."

"Na rantse, Inna. Amma don Allah ki saurare ni. Na bincika. Na tambayi malamai uku, ba ɗaya ba. Rantsuwar yaron da bai balaga ba ba ta hawa kansa. Duk da haka ban tsaya nan ba, na yi kaffara. Na ciyar da miskinai goma a Ard al-Liwa, da hannuna na kai musu. Ban shiga ruwa ba sai da na tabbatar babu zunubi a kaina."

Ni dai ina jin haka na rufe ido. Haba Harun! Duk karatun nan naka ba ka san inda ake buɗe littafi da inda ake rufe shi ba?

Inna ta gyaɗa kai a hankali.

"Malamai uku."

"Eh, Inna."

"Cikinsu akwai wanda ya tsaya a bakin kogi kwana tara yana jiran a fito masa da ɗansa?"

Harun ya sunkuyar da kai.

"Ka tambayi malamai uku, ka ciyar da mutum goma. Mutum goma sha uku ke nan suka san zancen. Ni da na haife ka ban shiga lissafi ba."

"Tsoro na ji."

"Tsoron me? Makauniya ce ni lokacin. Me zan yi maka?"

"Tsoron ki ce in bari. Don in kika ce in bari, zan bari, Inna. Kuma ba na so in bari."

Wannan maganar ta doki kowa. Sulaimanu ya juya baya yana kallon teku. Ni kuwa hawaye ya riga ya wanke min fuska, don na san abin da ke gaba. Inna mace ce mai magana ɗaya. In ta ce ta cire hannunta daga kan mutum, ta cire ke nan. Harun kuma shi kaɗai ya rage mata, ita kaɗai ta rage masa.

Ta ce, "Me ka rasa? Abinci? Sutura? Me ke cikin ruwan nan da ya fi ni?"

"Babu abin da ya fi ki."

"To me?"

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja, ba na gishirin teku ba.

"Inna, ina cikin kwale-kwalen ran nan. Kin manta? Ni Yaya Sada ya fara kamowa. Na riƙe wuyansa, na shaƙe shi, ina ta dukansa don tsoro. Ya sha ruwa saboda ni. Da ƙyar ya kai ni gaɓa. Daga nan ban san komai ba sai a gida na farka, aka ce ba a gan shi ba."

Ya share fuska da hannu, ya ci gaba.

"Ni na gajiyar da shi. Da na iya ruwa da bai ɗauke ni ba, da ƙarfinsa ya ishe shi. Kullum na kwanta sai na ji wuyansa a hannuna. Na zo ƙasar nan, na ga wurin koyon iyo, na yi wata shida ina wucewa ta ƙofar ina komawa. Ran da na iya, ran na fara barci kamar mutum. Ba na so a sake ɗaukata, Inna. Ni nake so in ɗauki wani."

Na zaci za ta yi faɗa. Na zaci za ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna a kujera kamar an zare mata laka, tana kallonsa, tana kallonsa, har na ji tsoro na taɓa kafaɗarta.

Ta ce, "Shekara goma sha huɗu wannan kake ɗauke da shi?"

"Eh."

"Ba ka taɓa faɗa wa kowa ba?"

"Wa zan faɗa wa?"

Ta cire baƙin gilashinta ta miƙo min. Ta nuna na ruwan da ke hannunsa.

"Ba ni wannan."

Na yi tsalle. "Inna! Idonki! Likita ya ce..."

"Likita ya ce bayan wata ɗaya in wanke fuskata yadda nake so. Yau kwana talatin da biyar, ina ƙirgawa."

"Ai wanke fuska ya ce, bai ce teku ba!"

"Auta, abin nan yana shigar da ruwa?"

Harun ya dube ta kamar bai gane Hausa ba. Can ya ce, "In na ɗaura miki da kaina, ba ya shigarwa."

"To ɗaura. Akwai maganar da ba zan yi a gaban mutane ba."

Rayyis Isam ya ɗora hannu biyu a ka yana ya Hajja, ya Hajja. Sulaimanu ya ce in hana ta. Na ce kai hana ta mana, ai kai ne namiji. Babu wanda ya iya. Harun ya ɗauko sabon gilashi, ya gwada a fuskarta sau biyu, ya gyara bakin hijabinta don kada ya shiga ƙarƙashin roba, ya ɗaure mata rigar ceto a kan atamfarta yana jan kowace igiya yana sake dubawa.

Inna ta ce, "Ke ma taho. Ke kika kawo mu."

Ni da ko a baho ba na son ruwa ya kai min kunne! Amma da wane bakin zan ce a'a?

Suna da wata jar taya mai igiya, wadda waɗanda ba su iya iyo ba suke riƙewa, mai koyarwa ya ja su. Harun ya fara sauka ya tsaya a ƙasan tsani. Inna ta sauko da baya, mataki ɗaya bayan ɗaya, tana bismillah. Ni na biyo ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Ruwan ya ɗauke mu, muka rungume taya, zanin Inna ya buɗe a saman ruwa kamar lema.

Harun ya ja mu a hankali har muryoyin jirgi suka yi nisa.

"Inna, ki ja numfashi ki riƙe, ki sa fuskarki kawai. Ina riƙe da ke. In kin gaji ki ɗago."

Ta sa fuskarta.

Ni ma na leƙa, don kada a ba ni labari. Subhanallah. Rana ta ratsa har ƙasa, yashi fari tas, ga duwatsu masu rassa, ga kifaye rawaya da shuɗi suna wucewa ta gefen ƙafar Inna ko a jikinsu. Na ɗago ina haki. Inna ta ɗago ta ja iska ta koma. Ta sake ɗagowa ta sake komawa. Sau huɗu.

A na ƙarshe ta daɗe da kai a sama. Cikin gilashin ya yi ruwa, na firgita na ce teku ya shiga. Harun ya duba ya girgiza min kai. Hawaye ne.

Ta ce, "Ashe akwai ruwan da ake ganin ƙasansa."

"Akwai, Inna."

"Namu ba haka yake ba. Namu ko hannunka ka sa ba ka ganinsa."

Igiyar ruwa tana ɗaga mu tana saukewa.

"Auta, matso."

Ya matso har goshinsu ya kusa haɗuwa, hannunsa ɗaya a bayanta, ɗaya riƙe da igiyar taya.

"Ka ce kai ka gajiyar da yayanka."

"Ni ne."

"Ƙarya ne. Ka suma, ba ka ga komai ba. Ni ina wurin, a bakin gaɓa nake da tallan kifina. Ya fito da kai a kafaɗa, ya kwantar da kai a gabana, ya danna cikinka ka amayar da ruwa. Ya miƙe da ƙafafunsa. Lafiyarsa ƙalau. Har ya ce min, Inna ki kai shi gida, sanyi zai kama shi."

Harun ya daina motsa ƙafa a cikin ruwa.

"Ya fito?"

"Ya fito. Ya zauna ma a kan yashi yana mayar da numfashi."

"To... to yaya aka yi?"

Inna ta ƙanƙame tayar har yatsunta suka yi fari.

"Mata suna ihu a tsakiyar kogi, da goyo a bayansu. Maza suna tsaye a gaɓa, babu wanda ya iya ruwa kamarsa. Kowa ya juyo yana kallonsa, babu wanda ya iya buɗe baki. Ni na buɗe. Na ce, tashi ka koma, akwai sauran mutane. Ya dube ni ya ce, Inna na gaji. Na ce, ka koma, Allah Zai ba ka ƙarfi."

"Inna..."

"Ya kawo mace ɗaya. Na ce ya sake komawa."

Na toshe bakina da hannu, na kusa sakin taya.

"Kana tsammani na sa ka rantse don kada ruwa ya ci ka saboda ba ka iya ba? Iyawar nake tsoro, Auta. Wanda ya iya shi ake kallo, shi ake turawa. Kuma na san kaina. In aka sake yi, ina tsaye, kana tsaye, mata suna ihu, zan sake cewa ka koma."

Ta saki taya da hannu ɗaya ta kamo fuskarsa.

"Ko ubanku har ya rasu ban faɗa masa ba. Na bar ka da kayan da ba naka ba shekara goma sha huɗu, ban sani ba. Ka durƙusa a jirgi kana neman in yafe maka. To ga ni a cikin ruwan da na hana ka. Ni na tura shi. Kai za ka iya yafe min?"

Harun yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

Igiyar tayar ta zame daga hannunsa, bai ma sani ba.